Na Ce wa Baba Alhamis

Shekarar da idon Baba ya fara mutuwa na ɗauki alwashin kai shi Legas. Likita a Gusau ya gaya mana gaskiya ba kwana-kwana: na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Muna cikin mota za mu dawo, sai da muka ci rabin hanya, sannan Baba ya ce, kamar mai zancen kuɗin gero a kasuwa, "To, ashe ba ni ganin teku ke nan."

Maganar ta soke ni. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, yana loda buhunan gyaɗa da auduga. A can Ƙaura layin dogo ya tsaya, kuma direbobin jirgi sun gaya masa ɗaya bakin yana Ikko, wato Legas, daf da ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Tun muna yara yake ba mu wannan labari, har mun haddace, har muna zunɗensa idan ya juya baya. Shekara saba'in da 'yan kai, bai taɓa wuce Funtuwa ba. Ni ɗin ma da nake cika baki, iyakata Zariya, inda na yi karatun malanta.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura, Baba kuma yana Zurmi tare da ƙanwata, wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Na tsayar da tafiyar a dogon hutu, tsakiyar damina. Na sayi sabon littafin rubutu don ita kaɗai, na raba shi uku: masauki, mota, wuraren gani. Ni dai Allah Ya yi ni da son tsari, abin da ya sa ƙanwata take ce mini hedimasta tun ban zama komai ba.

Masauki ya fara ɗaure mini kai. Na yi kwanaki ina duba otal-otal a waya, kowanne bene hawa goma, da akwatin nan mai ɗaga mutane sama, da banɗaki mai kujera. Na ƙiyasta Baba da ido ɗaya a cikin akwatin ƙarfe yana tashi sama, na ce a'a, ba da ni ba. Sai na tuna da wani abokin karatuna da ke sayar da albasa a Agege. Da na ambaci otal ya yi dariya har da tari.

"Otal ɗin lafiya? Kana da ni a garin nan za ka kai tsoho otal? Akwai ɗaki a ƙasa, taku kaɗan ne zuwa masallaci, ga buta ga tabarma. Akwai wata Bakatsiniya mai tuwo a bakin layi, ba zai san ya bar gida ba."

Daga nan ya shiga yi mini karatu. Kada ka tsaya kallo a kan gada. Kada ka leƙo da waya ta tagar mota. Wanda ba ka sani ba ya gaishe ka da fara'a, ka amsa kana tafiya. Idan kwandasta ya yi maka ihu, ba faɗa ba ne, haka suke magana. Na rubuta duka, ɗaya bayan ɗaya. Ni da ko a Gusau sai na duba hagu da dama sau uku kafin in tsallaka titi.

Mota kuwa na rantse ba za mu yi tafiyar dare ba, ko za mu kwana uku a hanya. Haka na tsara: ranar farko mu kwana Zariya, ta biyu Ilori, ta uku mu shiga Legas da rana tsaka, ido na ganin ido. A shafin wuraren gani na rubuta teku a sama, sai tashar da dogo ya ƙare, sai doguwar gadar da ake cewa tana bisa ruwa, sai babban masallaci ranar Juma'a. Da na karanta wa Baba ta waya sai ya ce in ƙara jirgin ruwa, babba, irin wanda ya riƙa haɗiye gyaɗar da ya loda. Na ƙara.

Duk wannan tsoron Legas wasa ne a kan abin da ke cin raina. Hanyar Zurmi zuwa Ƙaura ba ta kai tafiyar awa guda ba idan lafiya, amma ita ce na kasa rubutawa a littafin. Damina ce, gero da dawa sun yi tsawo har bakin kwalta, mutum goma za su tsaya a ciki ba ka gan su ba. Kuma kowa a yankinmu ya san ɓarayin daji ba kullum suke tare hanya da ka ba. Sau da yawa wani ne yake gaya musu: wane zai fito ran kaza, a mota kaza. Mai kai rahoton nan ba shi da ƙaho. Yana iya zama wanda kuka haɗa sahu da shi da Asuba. Ga ni ma'aikacin gwamnati, ga kalmar Legas, wadda duk wanda ya ji ta zai ɗauka buhun kuɗi muka ɗauko. Idan suka kama Baba suka sa shi tafiyar ƙasa cikin daji, da idon nan da gwiwar nan, na san gawarsa ma ba za mu gani ba.

Saboda haka na tafi Zurmi takanas, na same shi a zaure, na rage murya.

"Baba, tafiyar nan kada kowa ya ji. Ko liman. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ya juyo da idon da ke gani, ya dube ni sama da ƙasa.

"In tahi Ikko awa ɓarawo? Ban sallami kowa ba?"

"Zamani ne ya zo da haka."

"Zamanin wa? Mutum ba shi hawa hanya bai nemi gahwarar mutane ba. In na mutu can hwa? In tashi gaban Allah da haƙƙin maƙwabta bisa kai, don ɗana ya ce in yi shiru?"

Haka Baba yake, kuma haka tsaransa suke. Ko kasuwar Shinkafi za shi sai ya leƙa gidan dama da na hagu ya ce a yafe masa. Tafiya mai nisa kuwa sai an bi gida-gida, a nemi gafara, a karɓi addu'a da saƙo, wani ya ba da goro, wata ta ƙullo daddawa. Na san duk wannan, a ciki na tashi. Amma ranar zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya a kan mahaifina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce baki shi ke yanka wuya, na ce ni nake yawo a hanyar nan ba shi ba, na ce in ya ga dama ya hau hasumiyar masallaci ya yi shela. Ƙanwata ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Yaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku haƙura da tafiyar nan mana."

Baba bai kula ta ba. Ya bari na huce, sannan ya ce, "Ka gama? To wace rana za mu tashi?"

A littafina Litinin na rubuta. Na buɗe baki na ce, "Alhamis."

Wallahi ban shirya ƙaryar daga gida ba, a wurin ta zo mini. Da ta fito kuma sai na ga ai dabara ce. Ya yi sallamarsa yadda yake so, gari duka ya ji Alhamis, mai kai rahoto ma ya kai Alhamis, mu kuwa tun Litinin mun yi nisa. Alhamis ranar kasuwar Shinkafi ce, motoci sun fi yawa, ba wanda zai yi mamaki. Har wani daɗi na ji a raina, na ce kai, ilimi ya yi rana.

"Madalla," in ji Baba. "Sai in aika ma Bappanka."

Bappa ba ƙanen Baba ba ne na jini, amininsa ne, Bafulatani. Tun kafin a haife ni shanunsa suke kwana a gonarmu da rani suna zuba taki, shi kuma yana ɗaukar kara da dawa. Daga nan zumunci ya ƙullu har ya fi na wasu 'yan uwa. Ɓarayin nan ba su bar shi ba shi ma, sun kore masa garke kaf a yini ɗaya, ya bar ruga ya koma Jangeru wajen ɗansa da 'yan awaki. Tsakaninsa da Baba akwai wata ƙa'ida: duk wanda zai yi doguwar tafiya, ɗayan ne mai rakiya. Shi zai ɗauki jaka zuwa tasha, shi zai yi addu'ar ƙarshe. Ba a sallamarsa tare da sauran mutane, don shi ranar tafiya yake zuwa.

Na yi tunanin in kira Bappa a ɓoye in gaya masa gaskiya. Har na nemo lambarsa. Sai na tuna wayarsa a shagon caji take wuni, hannu nawa ke taɓa ta. Na kuma tuna, kuma wannan ne nake jin kunyar rubutawa, cewa ana raɗe-raɗin wasu samarin danginsu sun shiga daji. Ban zargi Bappa ba, Allah Shi ne shaida. Amma na ce a raina magana ba ta da linzami, ya faɗa wa ɗansa, ɗansa ya faɗa wa wani. Na mayar da wayar aljihu. Na ce ai ma ba tsohon da zai hau hanyar Jangeru zuwa Zurmi a wannan marra don rakiya kawai.

Ƙanwata kaɗai na gaya wa ranar gaskiya, sai abokina na Agege. Na sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba sai na ba ta izini. Ta haɗa kayan Baba a cikin buhun taki, ba jaka ba, ta ɗaure baki kamar hatsi. Baba kuwa ya yi kwana huɗu yana zaga gari da sandarsa. Ba gidan da bai shiga ba. Har mai gyaran rediyon da suka yi shekara ba sa magana ya je ya nemi gafararsa.

Ran Lahadi na iso na kwana, Litinin da safe na fito, sanye da tsohuwar riga mai ɓallallen maɓalli. Na cire agogo, na goge duk saƙonnin banki daga waya, katin aiki na tura shi cikin safa. Na ce wa Baba likitan ido ya zo Ƙaura, gara a duba shi kafin Alhamis. Na saɓa buhun a kafaɗa, ya ɗauki hula ya biyo ni, ko sallama bai yi wa na ƙofar gida ba, tun da a saninsa da La'asar zai dawo.

A tasha ba mota ta tashi sai da ta farko ta iso daga Ƙaura. Haka ake yi yanzu. Direbobi suka yanyame ta: "Ya hanya?" Direbanta ya ce lafiya lau. Muka shiga, mu bakwai a ƙaramar mota, na sa Baba a tsakiya. Wata mata a gaba tana ta jan carbi, ƙarar 'ya'yansa kaɗai ake ji. Ni kuwa idona yana kan dawa, duk ganyen da ya motsa sai gabana ya faɗi. Kowace mota ta taho daga gaba, direbanmu zai ɗaga hannu, wancan ya ɗaga, mu sauke numfashi.

Can sai motoci suka daina tahowa. Minti biyar, ba ko kabu-kabu. Direba ya rage gudu, ya rage, ya gangara gefe ya tsaya bai kashe inji ba. Ya ce, "Jama'a, ku yi addu'a." Na dubi ƙafafun Baba, silifas ne na roba, na fara lissafin yadda zan goya shi in shiga gona da gudu, da inda zan faɗi da shi. Ayatul Kursiyyu da nake koya wa yara kullum ta ɓace mini daga tsakiya. Baba ya dafa gwiwata ya ce, "Mi ya hwaru? Mun iso?"

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Daga baya wata tifa ta ɓullo tana tafe a hankali, direbanta ya leƙo ya ce babbar mota ce ta kafe a laka ta toshe hanya, an janye ta. Matar gaba ta fashe da kuka. Ni ma da na taɓa wuyan rigata, sharkaf yake.

A Ƙaura ban nufi asibiti ba, na ja hannun Baba zuwa inda motocin Gusau suke lodi. Da ɗan kamasho ya jefa buhun a bayan mota, bakin ya kwance, hannun rigar Sallar Baba ya leƙo. Ya sunkuya ya shafa ta. Ya daɗe a sunkuye.

"Yau wace rana?"

"Litinin, Baba."

"Ka yi mani ƙarya."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Na shiga bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Kira mani Bappanka. Yanzu."

Na dubi mutanen da ke kewaye da mu, masu talla, 'yan kamasho, wani mai shayi da ya zuba mana ido. Na ce ya bari sai mun kai Gusau. A Gusau na kira, ba ta shiga ba, sabis ɗin wajensu sai an hau tudu. A Zariya na kira sau biyu, a kashe. Baba ya ce, "Zai zo hwa." Na ce, "Haba Baba, wa zai hau hanya ran kasuwa, da damina, don ɗaukar jaka?" Ya ce, "Ba ka san shi ba," ya juya fuska ga bango. Washegari hanyar Ilori ta cinye mu, ramuka, shingayen jami'ai, Baba yana amai, ni ina neman inda zai yi alwala. Maganar Bappa ta fita daga kaina fit. Ƙanwata kuma tana can riƙe da rantsuwar da na sa ta, ban tuna na sake ta ba.

Ran Laraba muka shiga Legas. Abokina ya tarbe mu a tasha, ya riƙe Baba da hannu ɗaya, ni da ɗaya, kamar 'yan makaranta. Hayaniyar garin ta sa kunnena ya toshe. Ɗakin yana nan yadda ya faɗa, tuwon ma haka. Baba ya ci, ya yi salla, ya gode wa abokina ƙwarai. Ni dai tun Ƙaura maganarsa da ni ba ta wuce "to" da "a'a" ba. Duk da haka na yi barci ranar kamar an sauke mini dutse, ina cewa ai na fito da shi lafiya, fushi kuwa zai wuce.

Ran Alhamis muka tafi bakin teku. Mota uku muka hau, muka bi ta doguwar gadar, na ƙanƙame kujerar gaba har muka sauka. Da muka taka yashi Baba ya tsaya cak. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, wai don na daman ya samu ƙarfi. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Ina ƙarshenshi?" Abokina ya ce babu. Baba ya naɗe wando, ya taka a hankali har ruwa ya zo ya shafi ƙafarsa ya koma, ya yi baya da sauri yana dariya. Ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Ashe da gaske gishiri ne!" Can nesa ga wani jirgi tsaye, na nuna masa, ya ce yana ganin wani abu baƙi-baƙi. Ya juyo ya ce mini, "Malam, Allah Shi yi maka albarka." Hawaye suka cika mini ido, na ce a raina komai ya wuce.

A nan wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce.

"Yaya, ɗan Bappa ya kira yanzu, wai ko tsoho ya iso. Tun da sassafe ya fito, wai zai raka Baba tasha. Kuma an ce an tare hanya, an kwashe mutanen mota biyu. Yaya, bai iso ba."

Na zauna a kan jiƙaƙƙen yashi. Baba ba ya gani sosai, amma kunnensa ras yake. Ya ce, "Wa anka tare?" Na gaya masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ya warware wandonsa, ya nemi silifas ɗinsa da ƙafa, ya ce a kai shi inuwa. Muka zaunar da shi a wata rumfa, ya ba ruwan baya.

"Ni ka tsare," ya ce, "shi ka sanya bisa hanya."

Daga nan ya kama salati. Na kira lambar Bappa har yatsana ya gaji, a kashe. Na kira ɗansa, yana kuka, ya ce ya hana shi fita, tsoho ya ce shekara arba'in bai taɓa bari amininsa ya hau mota ba shi ba, ba zai fara yau ba. Na kira wani direba da na sani a Ƙaura, ya ce an ce akwai tsofaffi cikin waɗanda aka tafi da su, an kuma ce an harbi mutum ɗaya da ya kasa tafiya, amma bai tabbatar ba. Wanda ya kasa tafiya. Bappa ya girmi Baba da shekara biyu. Na koma bayan rumfar na yi amai.

Kewaye da mu mutane suna ta wasa, ana hawan doki, ana ɗaukar hoto, wani yana ta matsa mini in sayi gasasshen kifi har sai da abokina ya daka masa tsawa. Muka yi Azahar a wurin. A sujada ban roƙi komai ba sai abu ɗaya, na ce ya Allah kada Ka kama tsohon nan da laifina. Tsoron da na ji a hanyar Zurmi, lokacin da direba ya gangara gefe, ashe somin taɓi ne. Can ina da abin yi, ko goyo ne in yi. Nan kuwa ina zaune a ƙarshen ƙasa da waya a hannu, na san ni na zaɓi ranar, ni na zaɓi Alhamis don ta fi kama da gaskiya.

Ana kiran La'asar ƙanwata ta sake kira. Na kasa dannawa, abokina ya karɓa ya sa a kunnena.

"Ya iso! Yaya, ya iso, ga shi nan zaune!"

Motar su Bappa ce ta uku. Direbansu ya hango abin da ke faruwa ya taka birki, kowa ya watse cikin dawa. Bappa ya kwanta a kunya tsakanin kara har harbi ya lafa, sannan ya bi gonaki da ƙafa, ba takalmi, ƙaya ta yayyage shi. Bai juya gida ba, Zurmi ya nufo, wai kada mu gaji da jira mu tashi ba shi. Ya iso riƙe da ƙullin dafaffen ƙwan zabi da ya kawo wa Baba guzuri, duk sun farfashe. Ya tambayi ƙanwata ko mun tafi tasha. Ta ce masa tun Litinin.

Na miƙa wa Baba wayar. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru, ina gajiya, ina iyali, ya ruwa. Baba yana magana hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ka gahwarce ni." Ban ji amsar ba. Sai ya miƙo mini, ya ce, "Kai yaka nema."

"Bappa," na ce, "sannu. Sannu, Bappa. Don Allah..."

"Malam, kun isa lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ya ga ruwan?"

"Ya gani."

"To madalla. Ka kyauta, ka tsare tsohonka." Muryarsa a dushe take, amma ba rawa a cikinta. Na fara kame-kame, hanya ce, zamani ne, na kira ba ta shiga ba. Ya bari na gama.

"Na jiya. Tambaya guda zan yi maka. Ƙanwarka ta san rana?"

"Ta sani."

"Mai masaukinku na Ikko hwa?"

Na ce, "Ya sani."

"To." Ya ja numfashi. "Da ka ce mani kada in zo, ɗana, da ban zo ba, kuma ba mai ji daga bakina. Shanuna sunka kora, ba wanda na bi daji. Ban san yaushe na koma cikin waɗanda ba a hwaɗa ma rana ba."

Na ji ya ce wa ƙanwata ta karɓi wayarta.

Daga baya ta gaya mini ta wanke masa ƙafa, ta cire ƙayoyin, ta shimfiɗa masa tabarma a zauren Baba, inda ya saba sauka tun kafin a haife mu. Ya yi mata godiya, ya ajiye ƙullin ƙwan a bakin ƙofa, ya ce shi baƙo ne, a masallaci zai kwana.